Tarkon Danƙo na Taga: Ina Iyakar Amfaninsa Wajen Yaƙi da Ƙuda?

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, a cikin darussan kiwon lafiya da aka ɗora mana mu koyar, ban ga wanda yara suka fi saurin kamawa kamar darasin ƙuda ba, gama babu yaron da bai san ƙuda ba. Yana bakin ƙwaryar furarsa, yana gefen idon ƙanensa, yana biye da shi har cikin aji. Amma da malami ya gama faɗin mugun aikin ƙuda, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "To, Malam, me za mu yi masa?" Amsa ɗaya da akan ji yanzu ita ce a sayi tarkon danƙo a manna a taga. Nufina a wannan takarda in bayyana yadda tarkon nan yake aiki, da abin da yake iyawa, da abin da ya fi ƙarfinsa, musamman a gari irin namu na Mubi. Maganar ba ƙarama ba ce, domin uwar da ta sayi tarko ta saki jiki, tana tsammani ta gama da ƙuda, ɗanta ne zai sha wahalar gudawa.

Yadda tarkon yake

Tarkon danƙo iri biyu ne akan samu a kasuwa. Akwai wanda ake mannawa a gilashin taga, watau wata 'yar leda ce garai-garai wadda aka shafe fuskarta ɗaya da danƙo. Akwai kuma dogon zirin takarda wanda ake warwarewa daga cikin ɗan kwali a rataye shi a rufin ɗaki. Asirinsu ɗaya ne, danƙon da ba ya bushewa. Wanda ya taɓa ɗana wa tsuntsu danƙo a reshe lokacin ƙuruciya ya riga ya san dabarar. Ƙaro ba ya yi, gama yakan bushe ya yi tauri nan da nan. Masu yin takardar ƙuda na dā sukan narka ƙaron wani itacen ƙasashen sanyi tare da man zurma, man kuwa shi ne ke hana shi bushewa. Na yanzu, yawancinsu daga cikin man fetur ake samo danƙonsu.

Galibi babu guba a ciki. Ƙuda ya sauka, ƙafafunsa su kafe, ya yi ta fama har fikafikansa su manne, ya mutu a nan. Rashin gubar nan shi ne babban abin yabonsa, domin ana iya sa shi a ɗakin da jariri yake kwana, abin da ba a yi da fiya-fiya. Duk da haka a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin, gama akwai wani iri da ake mannawa a taga wanda ba danƙo ne ke yin kisan ba, guba ce aka gauraya da abu mai zaƙi. Irin wannan ba a barinsa inda hannun yaro zai kai.

Halin ƙuda da ya sa tarko yake kama shi

Ƙudan gida, wanda masana suke kira Musca domestica, yana da halaye uku da masu yin tarko suka lura da su. Na farko, in yana cikin ɗaki mai duhu yakan nufi wajen haske. Shi ya sa za ka gan shi yana ta karo da gilashi yana neman hanyar fita. Na biyu, in zai huta yana son bakin abu da siririn abu mai reto, kamar igiyar shanya da wayar lantarki. Ɗigon baƙi-baƙin nan da ake gani a jikin waya kashinsa ne. Na uku, inda ya ga 'yan'uwansa sun sauka, nan shi ma yakan so sauka. Tarkon taga da halin farko yake aiki, zirin takarda da na biyu, na ukun kuwa yana taimakon duka biyu.

Amma akwai hali na huɗu wanda ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne bin wari da ƙanshi. Hausawa suka ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. To, ledar taga ba ta da wani ƙanshi da za ta kira shi da shi, jira kawai take yi. Abin da ya shigo da ƙuda ɗaki shi ne tuwo da miya da nono, wajensu zai fara zuwa. Sai ya ƙoshi sa'an nan ya nemi taga. Watau sau da yawa ƙudan da ka gani manne a tarko ya riga ya gama abin da ya kawo shi.

Mene ne abin da ya kawo shi? Ƙuda ba shi da haƙori, abu mai ruwa-ruwa kaɗai yake iya tsotsa. In ya sauka a kan busasshen abu kamar sukari ko ƙosai, sai ya amayo ruwan cikinsa a kai, ya narkar, ya tsotse. Yana ci yana kashi. Ƙafafunsa kuma cike suke da gashi. In daga masai ya fito, ta hanyoyin nan uku, watau amai da kashi da ƙafa, yake sauke ƙwayoyin gudawa da atuni da taifot a kan abinci. Mutanen Mubi ba su manta da watan Mayu na 2018 ba, sa'ad da kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, ɗaruruwan mutane suka kamu, waɗansu suka rasu. Babbar hanyar kwalara ita ce gurɓataccen ruwa, amma a irin wannan lokaci ƙuda ma yana da nasa rabo, domin shi ne ke kai da kawowa tsakanin ƙazanta da akushi.

Abin da na gani a Mubi

Lokacin da aka tura mu gwajin koyarwa, na sami wata makarantar firamare a cikin gari, ana tsakiyar mangwaro, ƙuda ya yi yawa. Ni da 'yan ajina muka sa tarko a wuri uku, muka riƙa dubawa kowace safiya.

Wuri na farko ofis ne mai tagar gilashi, ƙofarsa kuwa galibi a rufe take. Nan tarko ya yi aiki sosai. Muka manna shi a kusurwar tagar da rana ta fi haskawa, kafin mako ya cika ƙudan ofishin ya ragu har kowa ya shaida.

Wuri na biyu ajinmu ne. Tagoginsa na ƙarfe ne, babu gilashi, babu raga, a buɗe suke yini saboda zafi. Muka manna ledar a jikin murfin taga. Abin da ta kama bai taka kara ya karya ba, gama ƙudan da ya nufi haske babu abin da zai tare shi, ficewa yake yi, wani ya shigo. Ku lura da wannan, domin tagogin gidaje da yawa a garinmu haka suke, na ƙarfe ko na katako. Tarkon taga don gidan gilashi aka yi shi. A ɗakin da babu gilashi, zirin ratayewa ya fi shi.

Wuri na uku rumfar masu sayar da abinci ce a bakin makaranta. Muka rataye ziri a gefe, nesa da kwanukan abinci. Cikin kwana biyu ya yi baƙi ƙirin, babu wurin da wani ƙuda zai sa ƙafa. Yara suka yi ta murna. Sai na ce su dubi kan faifan da aka rufe abinci da shi. Ƙuda yana nan kamar ba a taɓa ko ɗaya ba. Tarkon da ya fi kamu shi ne wanda ya fi rashin amfani, domin a fili yake, bayan rumfar kuwa akwai juji.

Akwai kuma abokan gāban tarko da ya kamata a sani. A hunturu ƙura takan rufe danƙon cikin 'yan kwanaki, har ƙuda ya sauka ya tashi abinsa. Hayaƙin madafa ma haka yake yi masa. Da damina, in an kunna fitila kusa da taga, ƙwarin dare ne za su cika shi kafin gari ya waye. Wani lokaci yakan kama tsaka, ita kuwa mai cin ƙwari ce. In ya kama gashin yaro ko mayafi, kada a fizga. A shafa man gyaɗa, zai saki.

Lissafin da ya fi ƙarfin tarko

Dalilin abin da ya faru a rumfar nan yana cikin yadda ƙuda yake haihuwa. Macen ƙuda takan saka ƙwai wajen 100 a zama ɗaya, ta maimaita sau huɗu ko biyar, watau wajen 500 ke nan a rayuwarta. A cikin abu mai danshi mai ruɓewa take sakawa, kamar kashin dabba, da kashin mutum, da sauran abinci. Kafin yini da kwana ƙwan ya ƙyanƙyashe, farar tsutsa ta fito. Ta yi kwana 3 zuwa 7 tana ci, sa'an nan ta rarrafa zuwa busasshen wuri a gefen juji ko cikin ƙasa, fatarta ta taurare ta zama ɗan ƙwanso ja-ja mai kamar kashin ɓera. Bayan 'yan kwanaki ƙuda ya fasa ya fito. A ƙasa mai zafi irin tamu, daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Shi kuwa babban yakan yi mako biyu zuwa huɗu a duniya.

Bari mu yi lissafi irin na aji huɗu. A ce cikin ƙwai 500 ɗaya bisa goma ne kaɗai suka rayu, 50 ke nan. Rabinsu mata ne, 25. Kowace ta bar 50, ka ga an sami 1,250. Wannan zuriyar mace ɗaya ce, a haihuwa ta biyu, cikin abin da bai wuce wata guda da 'yan kwanaki ba. To, mata nawa ne suke saka ƙwai a jujin bayan gida ɗaya? Mai tarko yana ɗiba da ludayi, juji kuwa yana zubawa da tulu.

Abin da aka gwada a waɗansu ƙasashe

Likitoci sun gwada yaƙi da ƙuda don su ga ko cuta za ta ragu. Tarkunan da suka yi aiki da su manya ne, masu abin jan ƙuda a ciki, waɗanda ake ajiyewa a waje. Sun fi ledar taga ƙarfi nesa. Saboda haka abin da ya same su ya ishe mu misali.

A ƙasar Isra'ila an gwada a sansanin soja, aka buga labarin a 1991. An jera tarkuna masu yisti a kewayen madafa da masai. Ƙuda ya ragu da kashi 64 cikin 100, masu zuwa asibiti saboda gudawa suka ragu da kashi 42. Nan tarko ya yi rana. Amma a Pakistan, a ƙauyuka shida, an gwada feshi a 1995 da 1996, aka gwada tarko a 1997. Feshi ya rage gudawar yara da kashi 23 cikin 100. Tarko kuwa bai rage ƙuda ba, bai rage gudawa ba. A ganina bambancin a fili yake: sansanin soja wuri ne mai doka, ana kwashe shara kullum, ƙauye kuwa da dabbobinsa da takinsa yake, kamar namu.

A Gambiya hankalin masana ya fi komawa ga wani ɗan'uwan ƙudan gida, Musca sorbens, wanda yake liƙe wa idon yara yana shan kwantsa, yana yaɗa amosanin ido, cutar da kan makantar. Shi wannan ya fi son saka ƙwai a kashin mutum da aka bari a fili. A gwajin da aka buga a 2004, feshi ya rage ƙudan da ke sauka a idon yara da kashi 88 cikin 100, haƙa masai kaɗai kuwa ya rage shi da kashi 30. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa amosanin ido ya daina zama matsalar jama'a a Gambiya, bayan shekaru ana haɗa magani da aikin ido da wanke fuska da tsabtar gari.

Kada wani ya ce to, sai mu koma ga feshi. Feshi yana cin kuɗi, tilas a yi ta maimaita shi, ƙuda kuma yakan saba. Maganin DDT, wanda aka gano ƙarfinsa a 1939 aka ɗauka ƙarshen ƙuda ya zo, tun kafin 1950 aka sami ƙudajen da ba ya kashewa a ƙasashen Turai.

Inda ƙudan Mubi yake fitowa

Mubi garin shanu ne. Kasuwar shanunmu tana cikin manya a arewa maso gabashin Nijeriya, ana kawo mata dabbobi har daga Kamaru da Chadi, arzikin gari kuwa yana tare da ita. Inda shanu suka taru taki yakan taru, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma ƙuda ba ya cika yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi in ya sami abinci kusa. Mafi yawan wanda ke cikin ɗakinka ɗan unguwarku ne, ko kana Lokuwa, ko Kolere, ko Shuware. Ka duba turken awaki, da akurkin kaji, da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, da ɓawon mangwaro, da kashin yara a bayan katanga, da sharar da akan kai bakin Kogin Yedzaram.

Tun da tsutsa ba ta kai mako take barin juji, a kwashe shara sau biyu a mako, a kankare ƙasar da ke ƙarƙashinta, gama nan ƙwanson yake ɓuya. Taki kuwa, da rani a baza shi ya bushe, domin tsutsa ba ta rayuwa sai da danshi. Da damina a tara shi a danne, a rufe da leda, zafin da ke tashi a ciki ya kashe ta, daga baya a kai gona. Kashin yaro a kwashe nan take a zuba a masai. Masai na gargajiya a yi masa murfi. Abinci a rufe da faifai ko murfin kwano. Mai hali ya sa raga a taga, marar hali ya saki asabari ko labule a ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Akwai wani irin masai wanda yake aiki da halin nan na bin haske, daidai da tarkon taga, amma shi a tushen abin yake tare ƙuda. Wani masani mai suna Peter Morgan ne ya shirya shi a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, a shekarun 1970. Akan sa bututu mai faɗin inci 4 ko 6 daga ramin ya zarce rufin ɗaki da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa na sama da raga, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu. Shi ba a rufe bakin raminsa, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta bututu da warin. Ƙudan da aka ƙyanƙyashe a rami, hasken da ya fi gani shi ne na bakin bututu. Ya hau, raga ta tare shi, ya mutu ya faɗa. A gwajin kwana 78 da aka yi a 1975, an kama ƙuda 13,953 daga masai marar bututu, aka kama 146 kawai daga mai bututu. Babu ledar tagar da za ta yi wannan aiki.

Yadda za a koyar da darasin

Ashe tarko ba shi da amfani ke nan? A'a, yana da aiki biyu. A ɗaki mai raga ko gilashi, shi ne mai gadi na ƙarshe, yana kama 'yan kaɗan da suka kuɓuce suka shigo. Aikinsa na biyu, wanda ya fi mana amfani mu malamai, shi ne na ma'auni: yana nuna yawan ƙuda da inda yake fitowa. Ga yadda za a yi da shi a aji huɗu zuwa shida.

A mako na farko a rataye ziri a wuri uku ko huɗu: kusa da masai, kusa da juji, cikin aji, da gefen rumfar abinci. Kada a rataye shi bisa abinci, gama ƙudan da ya mutu yakan faɗo. Kowace safiya yara biyu su ƙidaya, ba tare da sun taɓa ba, a rubuta a allo. A ranar farko kuma a sa ɗanyen kashin saniya wanda ƙuda ya sauka a kai cikin kwalba mai faɗin baki, a ɗaure da ƙyalle, yara su ga tsutsa da ƙwanso da ƙuda da idonsu. In an gama a zuba tafasasshen ruwa a binne.

A mako na biyu a yi aikin gayya: a kwashe juji, a kankare ƙasa, a yi wa masai murfi, a haƙa ramin shara. A mako na uku da na huɗu a rataye sababbin tarkuna a wuraren dā, a sake ƙidaya. A gaya wa yara tun da wuri kada su sa ran ganin ragi washegari, domin manyan ƙudaje suna da sauran kwana. Yana da kyau a bar tarko ɗaya a wani wuri da ba a taɓa ba, don a gane ko sharar ce ta rage ƙuda, ko kuwa sauyin yanayi ne. Tsohon tarko a naɗe a binne, mai cirewa ya wanke hannu da sabulu. Da haka an koyi kiwon lafiya da lissafi da lura a darasi ɗaya, yara kuma za su kai labarin gida wurin iyayensu mata, waɗanda su ne masu riƙe da faifai da tsintsiya.

Tambayoyi don aji

1. Me ya sa ƙuda yake taruwa a gilashin taga?
2. Me ya sa ledar taga ba ta kama ƙuda da yawa a tagar da babu gilashi?
3. Kwana nawa ne daga ƙwai zuwa ƙuda a lokacin zafi? Me ya sa ake kwashe shara sau biyu a mako?
4. Faɗi wurare huɗu a gidanku inda ƙuda zai iya saka ƙwai.
5. In tarkon da ke kusa da juji ya cika cikin kwana biyu, me ya kamata a yi: a sayi wani tarko, ko kuwa me?

To, 'yan'uwa, in yaro ya tambaye ku ko mahaifiyarsa ta sayi tarko, ku ce ta saya in tana da hali, amma ta fara da tsintsiya da murfi. In kuwa tarkon yana cika kullum, a fita a nemi inda ƙudan yake fitowa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da yaran da aka ba mu amana.